Fitilar da Aka Ƙi Karɓa daga Hannun Baba Alu

Komai zan manta a aikin nan, ban da safiyar da Baba Alu ya tsaya a ƙofar ofis da fitila a kunne, rana ta fito tarwai, yana jiran a karɓa. Na san sunan da kuka sa mani a bayan idona, Mama Sai-an-karɓa, don ba na barin kowa ya sauka daga aikin dare sai mai canjinshi ya zo sun yi ido da ido. Ku daina sunkuyar da kai, na daɗe da ji. Tunda yau ce ranar sallamata, ku zauna ku ji inda masifar tawa ta samo asali.

Na fara aiki ina budurwa a wani ƙaramin asibitin mishan da ke tsakanin Kankia da Kusada. Asalinshi wurin jinyar kutare ne, daga baya aka ƙara ɗakin maza, da ɗakin mata, da ɗakin haihuwa. Sistoci ke riƙe da shi, wato matan coci da suka bar aure suka ba da ransu ga ibada da jinya. Shugabarsu muna ce mata Babbar Sista. Ƙasa da su akwai nas, sai masu wankin miki, sai mu masu taimakon nas, mu ne na share-share da juya majinyaci da kwashe abin da ba a faɗi. Ƙasa da mu sai kuku da maigadi. Ni Kirista ce, daga wani ƙauye kusa da Kafin Soli, amma yawancin ma'aikata da majinyata Musulmi ne, kuma ban taɓa ganin an yi faɗa kan wannan ba.

Sistocin nan suna da wata al'ada da suka zo da ita daga gidajen ibadarsu, wadda muke kira tsaron dare. Babbar Sista ta bayyana mana ita ranar da muka kama aiki. Ta ce tun zamanin da, a irin gidajensu, ba a yarda kowa da kowa ya yi barci lokaci guda ba. Dole a sami mutum guda idonshi biyu, yana addu'a saboda masu barci, da masu ciwo, da masu shirin barin duniya. Ta ce sun ɗauko abin daga daren da za a kama Yesu, da ya roƙi almajiranshi su zauna a farke tare da shi, ya dawo ya iske duk sun yi barci. Saboda haka suka yi alkawari ba za a ƙara barin mai wahala shi kaɗai cikin dare ba, ko wane ne shi.

Ga yadda ake yi. Da magariba Babbar Sista za ta kunna wata fitilar ƙwai daga 'yar wutar da ke ɗakin addu'a. An raba dare uku. Kashin farko na sistoci ne, na tsakiya namu ne, na ƙarshe har asuba na maigadi. Mai fitila zai zagaya ɗakuna, in akwai wanda jikinshi ya yi tsanani ya zauna kusa da shi. Doka ɗaya ce mai ƙarfi: ba a ajiye fitilar nan a ƙasa a tafi. Hannu da hannu ake ba da ita. Mai bayarwa ya ce, "Na tsare, karɓi." Mai karɓa ya ce, "Na karɓa, je ka huta." Ba ta komawa baya ga wanda ya riga ya bayar, kuma ba mai kashe ta sai shugaban gida. Da asuba maigadi zai kaɗa ƙararrawa sistoci su tashi addu'a, ya miƙa wa Babbar Sista a bakin ƙofa, ita ta hure ta.

Maigadin shi ne Baba Alu. Mutumin wajen Yashe ne, ya zo asibitin da kuturta tun kafin a ba mu mulkin kai. Ya warke sarai, amma ciwon ya riga ya cinye mashi yatsu. Da aka sallame shi ya koma gida, ya iske danginshi sun yi mashi bukka a bayan gari, da ƙwaryarshi daban. Kwana kaɗan ya yi ya dawo da ƙafa. Sistoci suka ba shi ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa da aikin gadi. A wuyan hannu yake rataya fitilar, igiyar ƙararrawa ma a nan yake naɗe ta. Musulmi ne na gaske, bai taɓa taka ɗakin addu'armu ba, ba kuma wanda ya taɓa ce mashi ya shigo. Yana miƙa fitila sai ya wuce ya yi alwala. A hannuna yake karɓa mafi yawan lokaci, kuma bai taɓa karɓa bai tsokane ni ba.

"Saratu amaryata, yau ma kin shanye mani kananzir?"

"Tsoho, ka je ka nemi sa'arka, ni na fi ƙarfinka."

Sai ya yi dariya, ya gyara murya, ya ce, "Na karɓa, je ki huta." Da wasa yake komai, ban da wannan kalma.

Ba a daɗe da canza kuɗi daga fam zuwa naira ba, kuɗin man fetur ya fara shigowa, aka ce gwamnati za ta karɓi asibitocin mishan, sistoci su tafi. Mu ma mun yi murna, kada in yi maku ƙarya. An ce za a kawo injin wuta, da motar ɗaukar marasa lafiya, za a maida mu ma'aikatan gwamnati masu fansho. Aka turo mana sabon shugaba, Sakataren asibiti. Saurayi ne ɗan gayu, wandonshi mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, ga sabuwar mota da yake goge wa ƙura da hankici. Ba zan faɗi sunanshi ba, yana da jikoki.

Daren da sistoci za su tafi ma sai da aka yi tsaro. Babbar Sista ta yi kashinta ta ba ni, ni na ba Baba Alu. Motar da za ta kai su Kano ta zo tun kafin asuba. A bakin ƙofa ta tsaya ta yi sallama da shi, ta ce mashi gida yanzu yana da sabon shugaba, shi zai karɓa da safe, ta riga ta gaya mashi. Na yarda ta gaya mashi. Ko ya saurara, wannan kuma Allah ya sani.

Asuba ta yi, Baba Alu ya kaɗa ƙararrawa ko da yake babu sistar da za ta tashi. Ya yi sallarshi da fitila a gefen tabarma, igiyarta na wuyan hannunshi. Ya je ƙofar ofis ya tsaya. Hantsi ya ɗaga, masu karɓar magani suka cika baranda, Fulani masu nono suka sauke ƙorensu a gindin tsamiya, kowa na kallon tsoho da fitila a kunne da rana. Sai can ga Sakatare ya iso da makullan mota a yatsa.

Baba Alu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, na tsare, karɓi."

Sakatare ya dubi fitilar, ya dubi dungun hannun da ke miƙo ta, ya ja da baya kamar ya ga maciji. Ya zaro hankicin nan na goge mota ya toshe hanci.

"Wane ne wannan? Me yake so?"

Na matso na yi mashi bayani a taƙaice. Na ce abu ne na daƙiƙa guda, ya karɓa, ya ce ya karɓa, ya hure, shi ke nan. Na ce tsohon ya warke tun ni ina goye, ba ya ɗauke da komai.

Ya ce, "Ya ajiye a can ƙasa, lebura ya ɗauke."

Baba Alu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a ajiye ta. A hannu ake karɓa."

"A hannun wa? Wannan hannun?"

Haka ya faɗa, gaban jama'a, da ƙarfi. Wallahi har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa. A asibitin kutare fa! Mutumin da aka turo ya shugabanci wurin da aka gina don irin waɗannan hannuwa, shi ne ke ƙyamar su. Rabin mutanen da ke barandar nan hannunsu irin na Baba Alu ne. Na ga wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe nata. Sakatare ya shige ofis ya turo ƙofa.

Na ce, "Baba, kawo ni in karɓa."

Ya girgiza kai. "Ke kika ba ni, ɗiyata. Ba ta komawa baya. Mai gida ke karɓa."

Na ce mai gidan ya ƙi. Ya ce to zai jira, wataƙila gajiyar hanya ce, gobe ma rana ce.

Goben ta zo, ya koma ƙofar ofis, haka jibi. Fitila na kunne dare da rana, yana ƙara mata kananzir yana gyara lagwani da haƙori. Tun daga ranar tsaron dare ya tsaya gare mu, don fitilar ba ta dawo hannun shugaba ba balle a sake kunna ta da magariba. Shi kaɗai ya ci gaba da zagaye, daga farkon dare har ƙarshe. Kafin mako ya zagayo Sakatare ya gaji da ganinshi. Aka kira mu aka karanta mana sabon tsari. An kawo injin wuta, don haka ba a bukatar fitila. Ƙararrawa kayan coci ce, asibiti yanzu na gwamnati ne, a cire igiyar. Maigadi dole ya zama mai cikakkiyar lafiya wanda zai iya riƙe kulki da tocila. An ɗauki wasu ƙarti biyu. Baba Alu ba ya cikin ma'aikatan da gwamnati ta gada, ya kwashe kayanshi daga ɗakin bakin ƙofa, za a maida shi sito.

Kun san me aka zuba a siton? Tayoyin motar Sakatare da jarkokin mai. Ƙartin nan biyu kuwa a ƙofar gidanshi suke kwana, motar suke gadi. Injin wutar ma da an yi sallar isha'i da kaɗan ake yanke wutar ɗakunan majinyata, a bar ta gidajen manya.

Ban yi shiru ba, kun san bakina. Na fara zuwa wurin katikis ɗinmu, mai kula da 'yan cocin da suka rage. Na ce mashi al'adar nan tamu ce, tsohon nan ya riƙe mana ita shekara da shekaru, ya je ya sa baki. Sai ya hau murza hannu. Ya ce, "Saratu, ki bi a hankali. Har yanzu ba mu san ko za a bar mana ɗakin addu'a ba. Kuma shi ba ɗan coci ba ne." Na ce, "Au, yau kuka san ba ɗan coci ba ne? Da yake tashe ku addu'a da dungun hannunshi ba ku sani ba?" Na je wurin manyan ma'aikata Musulmi, na ce ɗan'uwanku ne, sahu ɗaya kuke tsayawa. Wani ya ce mani, "Yo shi ma me ya kai shi riƙe fitilar coci? Ya hure abinshi mana ya huta." Kun ji fa. Waɗannan sun ce ba nasu ba ne, waɗancan sun ce fitilar ba tasu ba ce. Da gaskiyar masu iya magana, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Daga nan na faɗa ofis ba sallama. Na ce, "Yallaɓai, ka kore shi, ka kore shi, ikonka ne. Ɗaki ma ka ƙwace, Allah na gani. Abu guda nake roƙo, ka karɓi fitilar nan ka sallame shi kamar mutum. In ƙyama kake ji, ga safar hannu ta ɗakin haihuwa, sa ka karɓa."

Ya ce shi ba a turo shi yin tsafin mishan ba.

Na ce, "Ba tsafi ba ne, sallama ce. Ko jaki aka gama aiki da shi ana sauke mashi mangala."

Abin da na samu shi ne takardar gargaɗi saboda rashin ladabi, aka kuma maida ni aikin dare na dindindin a matsayin horo. Bai san gata ya yi mani ba.

Baba Alu bai koma Yashe ba, wurin wa zai koma? Ya kafa 'yar rumfar zana a gindin tsamiyar nan, wajen shinge. An hana shi shiga, sai ya riƙa zagaya shingen daga waje. In ina ɗakin maza cikin duhu sai in ga ɗan hasken nan yana wucewa ta taga a hankali. Majinyata su ce, "Ga Baba nan," su gyara kwanciya. Masu nono ke kawo mashi kananzir a kwalba ranar kasuwa, Malam Idi kuku yana miƙa mashi tuwo ta saman shinge. Kullum da safe in motar Sakatare za ta shiga, zai miƙe ya ɗaga fitilar. Kullum motar ta wuce ta bar shi da ƙura. Na yi mashi faɗa har na gaji. Na ce, "Baba, wadda ta ba ka amanar nan ta tafi, wanda zai karɓa ba mutum ba ne, don Allah ka hure." Ya ce, "Amaryata, in na hure da kaina, wa ya ce mani in huta?"

Damina ta sauka a kanshi a rumfar nan. Fitilar yake rufewa da bargonshi, shi ruwa ya dake shi. Tari ya kama shi, ya koma ciwon haƙarƙari. Ranar da ya kasa tashi, ni da Malam Idi muka ɗauko shi muka kwantar a ɗakin maza. Ba wanda ya isa ya hana, maigadi aka kora, ba a kori majinyaci ba. Fitilar na wuyan hannunshi, muka jawo kujera kusa da gado muka ɗora ta don kada nauyinta ya ja shi.

Abin ya zo daidai da hutun ƙarshen mako mai haɗe da ƙarshen wata. Sakatare ya tafi Kano biki da motarshi, ƙartinshi suka kulle gidanshi suka shige gari. Babban nas ya ce zai leƙa gida Kankia ya dawo, bai dawo ba. Mai wankin mikin da ke da aiki ya aiko a ce matarshi ba lafiya. Mai injin wuta ya kashe ya tafi da makulli. Ɗakin magani a kulle. Asibiti guda, da majinyata a ɗaki uku, aka bar wa mai share-share da kuku. Hasken da ke cikin gidan gaba ɗaya shi ne na fitilar da aka ce ba a bukata.

Jikin Baba Alu ya yi tsanani wajen asuba. Malam Idi na zaune a kanshi yana laƙƙana mashi kalmar shahada, yana amsawa. Amma ya kasa natsuwa. Idonshi na kan ƙofa, hannun nan na ta ɗagowa da igiyar fitila yana faɗuwa. Na gane abin da yake jira, na kuma san ba mai zuwa.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka ce mai gida ke karɓa, ko?"

Ya ɗaga kai.

"To yau ni ce babba a gidan nan."

Ya dube ni, har da ɗan murmushi, yana tsammanin tsokana ce. Ya ce, "Sakatare fa?"

"Yana Kano."

"Nas?"

"Tun jiya."

"Mai wankin miki?"

"Bai zo ba."

Ya juya wajen Malam Idi, don ya san shi ba ya ƙarya ko da wasa. Malam Idi ya ce, "Gaskiya ta faɗa, Alu. Daga ita sai ni, kuma ta girme ni a aiki."

Hawaye ya gangaro mashi ta gefen ido. Ya ce, "Ashe gidan ya lalace haka." Sannan ya tattara ƙarfinshi ya ɗago hannu, ya ce, "Na tsare, karɓi."

Na kwance igiyar daga wuyan hannunshi. Wurin ya yi kanta, ya yi baƙi. Na riƙe dungun hannun nan da hannuna biyu, na ce, "Na karɓa, je ka huta."

Bai ƙara kallon ƙofa ba. Malam Idi ya ci gaba da kalma, Baba yana bi, har muryar ta ɗauke. Ana kiran salla a ƙauyen da ke bayanmu ya cika. Na zagaya sauran ɗakunan da fitilar, don akwai masu rai da ke jira, gari ya waye na hure ta.

Da Sakatare ya dawo aka gaya mashi, abin da ya tambaya shi ne wa ya ba da izinin kwantar da shi, kuma an ƙone katifar? Ban amsa mashi ba, don da na buɗe baki ranar da ba ni ce yau ake yi wa sallama da fansho ba. Bai shekara biyu ba aka yi mashi ƙarin girma ya tafi. Ba abin da ya same shi, kada ku jira in ce maku ya gamu da wani sakamako. Katikis ya samu an bar mashi ɗakin addu'arshi. Ni ce dai aka bari da haushi, kuma ban neme shi da ya huce ba.

Abin da na koya shi ne aikin nan namu ba magani kaɗai ba ne. Rabin shi zama ne a farke kusa da wanda ba ya iya barci, kuma masu yin wannan zaman su ne waɗanda ba a ganin sunansu a ko'ina. Da an canza shugaba su ake fara mantawa. Na kuma koyi cewa mutum na iya jure yunwa da ruwan sama da kora, amma a ƙi ce mashi ya gama, ya huta, wannan ya fi duka ciwo. Shi ya sa in na ga wata ta rataya jaka ta bar ɗaki don agogo ya cika, mai canjinta bai iso ba, nake tayar da ƙura. Ba ku nake gani ba a lokacin, tsoho nake gani a ƙofar ofis.

Fitilar na nan a jakar nan tawa, gilashinta ya tsage amma tana kamawa. Ni aka ba ta ƙarshe, kuma tun daga asubar nan ban sami wanda na miƙa wa ba. Kun ba ni atamfa, kun ba ni agogon bango, na gode, Allah ya saka. Amma ba su nake jira ba. Ga hannuna a miƙe. Na tsare. Wa zai karɓa?